Ƙofar Bayan da Kifi Ke Gadi

Loke Siew Ping,
Lamba 14, Jalan Merbau,
Batu Lanjut, Perak.
5 ga Agusta, 2024.

Zuwa ga:
Mai Girma Jami'in Kula da Gidajen Tsofaffi,
Gundumar Batu Lanjut.

Ranka ya daɗe,

Game da: Ƙofar gudun gobara da aka garƙame a Gidan Tsofaffi na Man Sau, Jalan Pasar

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni 'yar Loke Kam Fatt ce, tsohon ma'aikacin haƙar kuza mai shekara tamanin da huɗu, wanda ke zaune a saman benen gidan da aka ambata tun da shanyewar ɓarin jiki ta ɗora shi a keken guragu. Na yi karatun haɗa magunguna a Dunedin, a ƙasar Turawa, na daɗe can, na dawo a watan Maris. Na faɗi haka ne saboda a wannan gida duk abin da na ce, amsarsa ita ce na daɗe a waje.

1. Gidan tsohon kanti ne, siriri, ƙofa ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Bara tsofaffi uku suka rasu a wata guda, ƙaraminsu yana da shekara tamanin da tara. Mai gidan, Madam Teoh, ba ta zargi tsufa ba. Ta kira Sifu Chong, mai duba kwanciyar gini. Ya ce ƙofofin suna kallon juna, sa'a na shiga ta gaba ta fice ta baya, ko shayi ba ta tsayawa sha. Aka sa wa ƙofar baya kwaɗo, aka tokare ta da ƙaton akwatin gilashi cike da ruwa, aka saka jan kifi ɗaya. Koriyar fitilar nan ta nuna mafita mai hoton mutum a guje tana nan a sama tana ci. Ban san inda za shi ba.

2. Kifin yana da matatar ruwa, da ma'aunin zafi, da mai duba shi safe da yamma. Tsofaffi ashirin da uku suna da masu kula biyu. Ba na hassada da kifi, ina dai sanar da ofishinka.

3. Na'urorin jin hayaƙi duk an sa musu hular wanka ta leda, domin turaren tsinke na wurin bauta yana sa su kuka. Wurin bautar kuwa yana gindin matakala, kusa da tukwanen iskar numfashi. Da na yi magana, Madam Teoh ta ce, "Haba 'yata, allan gidan nan Kuan Kung ne, janar ne fa. Kina ganin zai bari gidansa ya ƙone?" Na ce da itace aka sassaƙa shi.

4. Ranar 21 ga Yuli, da azahar, tsinken turare ya faɗa kan labule. Ina wurin. Babu na'urar da ta ce uffan. Kawu Muthu, makaho mai gado kusa da na mahaifina, shi ya yi kira daga sama yana tambaya wa ke ƙona shinkafa. Na ɗauko tukunyar kashe gobara daga inda take aikin tare ƙofar banɗaki, na matsa, ta yi atishawa ta yi shiru. Da ruwan akwatin kifin muka kashe wutar. Tun ranar Madam Teoh ke gaya wa baƙi cewa kifin ya ceci gidan, kamar yadda Sifu ya faɗa. An ƙara masa jatan lande.

5. Na nemi makullin. Yana wurin Sifu Chong, can a garin Taiping.

Ranka ya daɗe, wajibi ne in shaida maka cewa mahaifina ba ya tare da ni a wannan ƙorafi. Tun da aka rufe ƙofar yake cinye abokansa a wasan caca na majong. Na ce zan mayar da shi gidana, ya ce, "Ah Ping, mutane na zuwa ƙasar Turawa su dawo da mota, ke kin dawo da tsoro. In na tafi, wa zai riƙa karanta wa Muthu jarida?" Ba zai tashi ba. Ni kuma na gwada sauko da shi daga benen a bayana, mun tsaya a tsakiya, yana dariya, ni ba na yi.

Jiya watan fatalwa ya kama, watan da ake yi wa matattu hidima. Ranar Lahadi, 18 ga Agusta, gidan zai ƙona wa matattu kuɗin takarda da gidajen takarda a cikin durom, a bakin ƙofar gaba, wato ƙofa ɗaya tak da ke buɗewa.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi:

(a) a aiko mai bincike kafin wannan rana, ba tare da an sanar da Madam Teoh ba, domin hulunan suna da sauƙin cirewa;
(b) a yanke kwaɗon, a nema wa kifin wani wurin aiki;
(c) a sauko da marasa tafiya zuwa ƙasa.

Ba na neman a rufe gidan. Abincinsu da daɗi, kuma suna kiran mahaifina da sunansa. Idan Sifu Chong na son labule ko madubi tsakanin ƙofofin domin sa'a ta rikice ta zauna, ni zan saya.

Idan ranar ta zo ba a yi komai ba, zan je da almakashin yanka ƙarfe, sai wannan takarda ta zama sanarwa.

Mahaifina ya aike ni na sayo gidan takardar da za a ƙona wa marigayiya mahaifiyata. Bene ne, da mota, da 'yar aiki. Na juya shi na duba: ƙofa biyu gare shi, gaba da baya, kuma duk suna buɗewa. Ina roƙon ofishinka ya ba mijinta irin abin da aka ba ta, tun yana da rai.

Ka huta lafiya.

Taka mai biyayya,

Loke Siew Ping