Mukullin Jif Ya Dawo Aljihuna

Zuwa ga 'yata, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yaran baki ɗaya. Allah Ya raya mana su, Ya sa aikin da ya kai ku nesa ya zame muku alheri. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Mahaifiyarki ta warware, kumburin goshinta ya sace, har ta koma kan keken ɗinkinta tana hana mu barcin rana. Gwaggonki ta zo ta yi mana kwana biyu, ta tafi ta bar mana maganin ciwon gwiwa da labaran mutanen da ban taɓa sani ba. Matar ƙaninki Auta ta yi nauyi, muna ta addu'a Allah Ya raba lafiya. Ruwa kuwa bana ya sauka sosai, bangon bayan gida ya ɗan tsage amma mun tare shi.

Na san za ki ce me ya sa Baba zaman rubuta takarda alhali ga waya a hannunsa. Dalili shi ne a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana. Ina fara bayani sai ki ce kin gane, in na ɗaga murya ki sa kuka, ni kuma tun kina goye ba na iya jure kukanki, sai in yi shiru, ke kuma ki ɗauka na yarda. To ban yarda ba. Takarda ba a katse ta, don haka ki sami wuri ki zauna ki karanta har ƙasa, in ya so daga baya ki yi fushin da za ki yi.

Maganar jif ɗina ce da mukullinta. Abin da ya faru a gangaren rafi kin ji shi a bakin kowa ban da bakina. Na dawo daga gyaran famfon wata rijiya, mahaifiyarki tana gefena don ta raka ni ta kai ɗinki, muna sauka a hankali, tayar gaba ta faɗa wani kwararo da ruwa ya ci. Sitiyarin ya fizge daga hannuna, motar ta yi dama ta daki gaɓar rafin, goshin mahaifiyarki ya bugu. Wannan ya dame ni fiye da yadda zan iya rubutawa, kuma har yau in na tuna sai in ji ba daɗi. Amma abin da ya biyo baya shi ya ƙona mini rai. Babu wanda ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar, kowa furfurata ya kalla. Ke kika yanke hukunci daga can cewa Baba ya tsufa, hannu ya fara rawa, a karɓe mukulli. Kika umarci Auta, shi kuma da yake ba shi da zuciyar tunkarata ya tura wa mahaifiyarku. Na tashi da safe na miƙa hannu ga ƙusar da nake rataye shi, wayam. Na tambaya, kowa ya hau kallon rufin ɗaki. A gidana, Uwata, da raina da hankalina.

Motar nan ba ta ado ba ce a wurina. Da ita nake hawa duwatsun nan zuwa ƙauyukan da ba mai zuwa musu in famfonsu ya tsaya, kuma tun kafin ki san hagu da dama nake wannan aiki. Ranar da aka raba ni da ita, an mai da ni tsohon da ke zaune a ƙofar gida yana amsa sannu. Ban shirya wa wannan ba tukuna, kuma ba a waya za a shirya mini shi ba.

Tun bara nake faɗa cewa motar ta canza hali, amma ba mai saurare. Kin tuna Auta ya ɗauke ta ya kai aka ɗaga ta, aka sa mata dogayen sifirin, ƙarafan nan da ke ɗauke da nauyin mota, da manyan tayoyi, wai kyauta ce ya yi mini don kada cikinta ya riƙa gugar dutse. Ta dawo tana taƙama, maƙwabta suna ta yabo. Amma daga ranar sitiyarin ya yi sakwaf. A kan kwalta sai ta riƙa yawo, kana gyara ta nan tana zamewa can, kuma in ka sha kwana ba ta dawo da kanta, sai ka jawo ta da hannu. Na faɗa wa Auta, ya ce rashin sabo ne. Na faɗa miki, kika ce in rage tafiya.

Da na huce sai na tuna cewa mukulli inji kawai yake tayarwa, ba ya kwance noti. Na aika aka kira mini Dogo bakanike, abokina tun muna samari, wanda yanzu ya fi ni furfura amma ba wanda ya ɓoye masa sifanarsa ta kwance noti. A tsakar gida muka yi aikin, ƙarƙashin bishiya. Muka ɗaga gaban motar da jak, muka tokare ta da kyau, muka cire tayoyin. Bari in yi miki bayani yadda za ki gane, tunda ke kika yanke hukunci ba ki ga shaida ba. Kowace tayar gaba akwai ƙarafa biyu da ke riƙe da ita, na sama da na ƙasa, kanikawa suna ce musu am, don kamar hannu suke. Gefe ɗaya yana ɗaure a jikin motar da wata roba mai kauri da ake kira bush, ɗaya gefen yana riƙe da ƙafar motar, wato tayar, ta wata gaɓa mai juyawa. In waɗannan hannuwa suka saki, taya sai ta kalli inda ta ga dama, ko da wane ne a kan sitiyari. Dogo ya zura dogon ƙarfe ya ɗan banƙara na dama, sai ga shi yana motsi kamar haƙorin da ya kusa fita. Robar ta dagargaje, na sa yatsa na zaro ta gutsure-gutsure. Na hagu ma bai fi shi da komai ba. Na kira Auta na ce ya durƙusa ya gani da idonsa, ya durƙusa da fararen kayansa, ya daɗe bai ɗago ba.

Dogo ya ce abu biyu ne suka haɗu. Na farko, da aka ɗaga motar ba a canza hannuwan sama ba, aka bar na asali, su kuwa ba a yi su don wannan tsayi ba, shi ya sa ƙafar ta karkace daga yadda ya kamata ta zauna, sitiyari ya daina dawowa. Na biyu, wanda ya yi aikin ya ɗaure ƙusoshin tamau tun motar tana rataye a sama, da aka sauke ta sai robar ta murɗe, ta zauna a murɗe tana cin kanta har ta yage. Ina roƙonki kada ki kira yaron nan ki yi masa faɗa. Don ƙauna ya yi, wanda ya kai wa ne mai gaggawa. Ya riga ya sha kunya, har ya kasa cin abinci ranar, sai da na zaunar da shi na ce masa dogayen sifirin ɗin suna nan ba zan cire ba, don gaskiya cikinta ya daina gugar dutse.

Cire tsofaffin bai zo da sauƙi ba. Wata ƙusa ta yi tsatsa ta kafe, muka zuba mai muka jira, muka sa wuta, muka sa guduma, Dogo yana zaginta yana zagin wanda ya ƙera ta. Da ta saki, da fatar bayan hannuna ta tafi. Mahaifiyarki tana kallonmu ta taga, keken ɗinki ya yi shiru. Can sai ta fito da ruwan sha ta dire mana shi da ƙarfi har ya fantsama, ta koma ciki. Mai sayar da kayan mota ya fara aiko mana da wasu hannuwa masu sheƙi, na juya su na ga waldar kamar an tofa, na ce a mayar masa, ba da ni ba. Sai da ya nemo irin waɗanda aka yi musamman don motar da aka ɗaga, masu kauri, da sababbin bush da gaɓoɓinsu, sannan muka karɓa. Muka ɗaura na sama da na ƙasa duka gefen biyu, amma ba mu ƙarasa ɗaure ƙusoshin ba. Muka mayar da tayoyi, muka sauke ta ƙasa, na loda mata bututu da akwatin kayan aikina kamar yadda take tafiya kullum, muka jijjiga ta ta zauna daidai. Sannan na shimfiɗa kwali na kwanta rigingine, na ɗaure kowace ƙusa da hannun nan da kika ce yana rawa. Dogo ya bi bayana da sifana yana gwadawa, bai sami ko ɗaya da zai ƙara wa ba.

Saura gwaji, ga shi ba mukulli. Na riga na yi wa kaina alkawari ba zan roƙa ba. Ina zaune bakin famfo ina wanke baƙin mai, sai ga mahaifiyarki tsaye a kaina da shi a hannu, ashe a aljihun keken ɗinki ya kwana duk kwanakin nan, cikin zare da maɓallai. Ta ce za ta ba ni, amma da sharaɗi: ita za ta zauna a kujerar da ta zauna ranar hatsarin, kuma gangaren nan za mu koma. Uwata, ba zan ɓoye miki ba, duk cika bakin da nake yi, ban shirya sa ta a ciki ba. Na ce ta bari mu je da Dogo tukuna. Ta ce Dogo ma yana da iyali, kuma motar da ba zan iya ɗaukarta a ciki ba, ba ni da hurumin fita da ita kan hanyar da 'ya'yan mutane suke bi. Ta shiga ta ja bel ta ɗaura, ta zuba wa gilashi ido.

Mun fara biyawa wurin masu daidaita tayoyi da na'ura, suka saita ta, sannan muka ɗauki hanya. Tun a kwanar farko na ji bambanci. Sitiyarin ya yi nauyin da na san shi da shi, na sha kwana na sassauta hannu, ya zame ya dawo tsakiya da kansa. A kan kwalta ta miƙe sambal. Da muka iso gangaren, na sa ƙaramar giya muka fara sauka. Kwararon yana nan, ya ma ƙara zurfi. Tayar ta faɗa ta fito, motar ta girgiza, amma hancinta bai kauce ba ko kaɗan. Muka wuce gaɓar da muka daka, har yanzu da alamar a jikinta. Na tsaya a ƙasa ina jiran mahaifiyarki ta yi magana, sai ta ce in juya mu hau mu sake saukowa. Muka sake. Sannan ta ce to, motar ta warke.

Akwai sauran magana, kuma gara ki ji ta daga gare ni. A hanyar dawowa, wajen mararraba, wani mai amalanke ya fito daga hagu. Na taka burki na tsaya lafiya, da sauran fili tsakaninmu. Amma mahaifiyarki ta ce ita ta riga ni ganinsa, sai da ta yi magana ƙafata ta motsa. Na musa, ta ce ba gardama take yi ba, abin da ta gani ta faɗa. Muka ƙarasa gida. Na juya maganar a raina, kuma na san matar nan ba ta taɓa yi mini ƙarya don ta ci gardama ba. Don haka na je da ƙafata na karɓi ranar ganin likitan ido, sati mai zuwa. Ba ke kika sa ni ba, ba Auta ba, ki rubuta wannan ki ajiye.

Kin ga abin da na jawo wa kaina. Da can ina da inda zan ɗora laifi, yanzu na gyara motar da hannuna har ba ta da sauran abin zargi, duk abin da ya faru daga yau nawa ne. Na sani, kuma na karɓa. Idan likita ya duba ya ce tabarau ne, zan sa in ci gaba da aikina. Idan ya ce idon ya gama tuƙi, zan dawo gida in zaro mukullin in sa shi a tafin mahaifiyarki da kaina, da rana tsaka, kowa yana gani, ba kuma za ku ji na yi ƙorafi ba. Amma a ɗauke mini shi a ɓoye, a yanke mini hukunci daga nesa ba a tambaye ni ba, wannan an yi na farko an yi na ƙarshe. Kafin ranar likita ba zan yi tuƙi ba sai da hasken rana. Gobe ma da safe zan haura bayan dutse, an aiko cewa famfon wani ƙauye ya tsaya, mata suna sauka har rafi ɗiban ruwa. Kayan suna cikin mota tun ɗazu.

Na san tsoro ne ya sa ki, kuma na san wanda ba ya ƙaunarka ba ya jin tsoro dominka. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki masu jin ƙanki. Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ce na gode da haƙurinsa da 'yar rigimata. Ki shafa mini kan jikokina, Babban Mutum da 'Yar Baba da ƙaramar amaryata mai ƙin wanka. Auta da matarsa suna gaishe ku, Gwaggonki ma ta bar sallahu, haka Dogo. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce in rubuta miki cewa ita ta ba ni mukullin da hannunta, gobe ma tare za mu hau dutsen, in faɗa za ki yi ki kira wayarta.

Wassalam. Ni ne mahaifinki mai sa miki albarka kullum.