Ba Zan Bar Kango Ba

Saginaw, 9 ga Mayu

Uwargidata Corliss,

Gaisuwa mai yawa tare da so da ƙauna. Ina fata kina lafiya. Yaya jikin Mama? Ta fara cin abinci kuwa, ko har yanzu sai kin yi mata faɗa? Ki ce surukinta yana sa ta a addu'a. Ni lafiyata ƙalau. Ina gidan ƙanena Roscoe, ya ba ni ɗakin da yake tara kayan kamun kifinsa, duk tufafina sun ɗauki ƙarni.

Na zaɓi rubutu ne domin a waya ba kya barina in kai ƙarshen magana, kuma da na ambaci gidan sai ki fara kuka, ni ma in rasa ta cewa.

Masu binciken gobarar gidanmu sun gama. Tsohuwar wayar lantarki ce cikin bangon kicin, ba murhu na bari a kunne na tafi coci ba, don haka ki janye zarginki. Kicin ya tafi, benen sama ma haka. Falo yana nan tsaye, sai dai ya yi baƙi ƙirin.

Kamfanin inshora ya biya, amma bai ba ni duka ba. Kashi ɗaya cikin huɗu ya tura wa hukumar gari ta riƙe. Ba za su sakar mini ba sai na gyara gidan, ko na rushe shi na kwashe ɓaraguzan. Da na ji haka raina ya ɓaci, na ɗauki hula na nufi ofishinsu. Na ce da matar da ke wurin, “'Yata, tun kafin a haife ki nake biyan inshorar nan. Da wane dalili za ku zauna a kan kuɗina?”

Ta ce, “Baba, kuɗinka ne, ba wanda zai ci maka ko sisi. A wace unguwa kake?” Na faɗa mata. Ta ce, “To, ai kai ka fi ni sanin dalili.”

Corliss, na juya na fito. Kin san gidajen nan uku na ƙarshen layinmu da suka ƙone, masu su suka karɓi kuɗi suka ƙara gaba, suka bar mana kangaye. Ni da ke mun fi kowa zaginsu.

Na ji abin da kika ce, in tattara in biyo ki jihar Mississippi, wajen Mama. Ki yi haƙuri. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana narka ƙarfe a masana'antar mota ba wutar kicin ce za ta kore shi daga gidansa ba. Zan gyara shi. Kafin sanyi ya shigo za ki dawo ki tarar da sabon kicin, har da tagar nan mai faɗi da kika daɗe kina yi mini mita a kanta.

Naki har abada,
Wendell

Saginaw, 21 ga Yuni

Corliss tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama. Na ji daɗi da kika ce ta taka da ƙafarta har baranda. Allah ya ƙara sauƙi. Ke kuma ki riƙa hutawa, majinyaci ma mutum ne.

Zancen taga ya sha ruwa, gara ki ji daga bakina. Na kawo injiniya, muka sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa tare. Ya soka sukudireba a babban katakon da ke ɗauke da gidan, ta shige kamar cikin burodi. Ruwan da 'yan kwana-kwana suka zuba kuma ya tsaga bangon tushe. Na kawo na biyu don kada in yarda da bakin mutum ɗaya. Shi ko ƙasan bai sauka ba. Kuɗin gyaran ya fi duk abin da inshora ta biya, ko da na haɗa da fanshona.

Saura rushewa. Ita ma ba arha ba ce, abin da ɗan kwangila ya nema ya zarce abin da hukuma ta riƙe mini.

Nan Roscoe ya samu bakin magana. Muna cin soyayyen kifi ya ce, “Yaya, ka iya lissafi kuwa? Ka bar musu ɗan abin da suka riƙe, su rushe da kansu. Kai ka riƙe naka, ka hau mota ka tafi wajen matarka. Wa zai kama ka?”

Na ce, “Yaushe za su rushe? Gidaje nawa ne a layi kafin nawa?”

Ya ce, “Ina ruwanka? Kana can kana shan iska.”

Na ce, “Kai tun kana ƙarami in ka fasa kwano sai ka tura shi ƙarƙashin gado.”

Ya ce, “Kai kuma ka kai wa Inna naka, ka sha bulala. Wa ya fi wani wayo?”

Ba zan ɓoye miki ba, maganarsa ta zauna mini. Lissafinsa daidai ne, kuma kuɗin nan za su yi mana amfani wajen maganin Mama.

Washegari na je ɗauko akwatin kayan aikina daga gareji, na tarar da maƙwabciyarmu Madam Nowak tana fama da guduma. Katako take bugawa a tagar ɗakin kwananta, wadda ke kallon bangonmu. Kin san tazarar da ke tsakani, in ta miƙa tsintsiya za ta taɓa gidanmu. Na karɓi gudumar, na tambaye ta lafiya.

Ta ce, “Ɓeraye ne, Wendell. Kuma jiya na ga samari biyu sun fito daga falonku. Ban faɗa maka ba, na ga kana da taka damuwar.” Can ta ce, “Tafiya za ku yi, ko? Ku tafi, ba komai. Ni dai tsorona a cinna wa gidan naku wuta ina cikin nawa. Ƙafafun nan ba sa gudu.”

Matar nan ta haura tamanin. Ita ta riƙe miki yara lokacin da aka yi miki aiki a asibiti. Ko kalmar roƙo ɗaya ba ta yi mini ba. Na gama buga mata katakon, daga nan ban tsaya ko'ina ba sai wajen ɗan kwangila.

Na san kuɗin namu ne mu biyu, shi ya sa ban sa hannu ba tukuna. Amma na san matar da na aura. Ki kira ni ki yi faɗanki, in kin gama ki ce mini to.

Mijinki,
Wendell

Saginaw, 17 ga Agusta

Uwargida,

Sallama da gaisuwa irin ta wanda ya yi kewa. Yaya Mama, yaya zafi? Na gode da kiran nan naki. Faɗan bai kai yadda na zata ba, kuma na ji abin da kika ce a ƙarshe, cewa in na bar wa Madam Nowak kango kada in zo miki gida.

An gama. Kafin a fara na shiga na ciro abin da ya ciru: tukunyar ƙarfenki ta gasa burodin masara, da hotunan da ke cikin kabad ɗin falo. Gefensu ya ɗan ƙone, amma fuskoki suna nan.

Katafila ta zo da safe, kafin a ci abincin rana babu gida. Na tsaya a tsallaken titi na kalla daga farko har ƙarshe. Na zaci zan kasa, sai ga shi na iya. Wanda ya kasa Roscoe ne. Cewa ya yi ya zo ganin yadda ake ƙona kuɗi a banza, amma da bakin katafila ya kama barandar da muke zama ranar Lahadi, sai na ji mutum yana jan hanci a bayana. Na ce, “Malam mai lissafi, mene ne?” Ya ce ƙura ce ta shiga masa ido.

Na tsaya a kansu sai da suka fasa tushen, suka kwashe komai, suka cike ramin da ƙasa mai kyau. Mai dubawa daga hukuma ya zo ya zagaya, ya sa hannu. Jiya kuɗin da suka riƙe suka shigo, cif, ba ragi. Abin da ya rage mana bai kai yadda muka so ba, amma zai kama mana ɗan gida kusa da Mama, kuma hannuwana suna aiki.

Ni da Roscoe muka baje ƙasar muka watsa irin ciyawa. Madam Nowak ta sa na jawo tiyo daga famfonta, ta ce ban-ruwa nata ne, kada wanda ya sa mata baki. Ta kawo mana kofi da kek ɗin tuffa, ta zauna a kujera tana ba mu umarni kamar filin ubanta. Da zan tafi ta riƙe hannuna ta ce, “Ka gaya wa Corliss, jiya na yi barci har rana ta fito.”

Ciyawar ta fara tsirowa. In kika tsaya a titi ba za ki ce an taɓa gobara a wurin ba.

Ina tafe ranar Alhamis a motar safa. Ki zo tasha da kanki, kada ki aiko kowa. Kuma kada ki ce na rame, na sani. Girkin Roscoe ne.

Naki, mai zuwa,
Wendell