Ba Idanu Ba Ne, Yaya

Zuwa ga Yaya Mas'udu, Kekun Waje.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka daga Fatakwal. Yaya ƙafar Inna? An gama yankan gero? Ni lafiya lau, sai dai ruwan wanke-wanke ya ɗan ci mini hannu, ba abin damuwa ba ne.

'Yata Shafa'atu ta kira ni tana kuka, wai ka kulle mutum-mutumin da ta haɗa, don ka ga idanu biyu a gabansa ka ce gunki ne. Yaya, ni ma da na ji sunan sai da gabana ya faɗi. Amma na gan shi a waya: 'yar mota ce mai batir, tana korar kaji daga shanya. Waɗancan ba idanu ba ne. Ta ce ɗaya ƙara yake aikawa, ɗayan yana sauraron dawowarta, don kada motar ta bugi bango.

Ka san sai da na haifi huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci, har yau alƙalami nauyi yake mini. Ga 'yata tana rubuta umarni a kwamfuta, ƙarfe yana bi! Duk abokan aikina na nuna musu.

Ranar Asabar za a baje ayyukan ɗalibai a Gusau. Don Allah ka buɗe mata, ka kai ta da kanka. In an ce ina iyayenta, ka miƙe a madadina.

Allah ya ƙara mana zumunci.

Ƙanwarka,
Kulu