Kabad ɗin Abba

Lakno, Indiya, 4 ga Yuli, 1986

Yaya Mujtaba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Zarina da yara. Yaya zafin Karachi, yaya kuma gwiwar taka?

Gidan Abba dai an sayar, kamar yadda ka amince. Ɗana Shakil ya samo mana ɗaki biyu a saman bene, ƙarshen wata za mu tashi. Komai ya samu wuri ban da kabad ɗin littattafai. Matarsa Shabnam ta auna shi da igiya har sau biyu, ta ce ko ƙofa ba zai shiga ba. Ba ta da mugun hali, sai dai makarantar Hindi ta yi, rubutunmu na Urdu a idonta zane ne kawai.

Ka san abin da ke ciki: littattafan labari ɗari biyu da 'yan kai, waɗanda Abba ya kwafe wa maɗaba'a da hannunsa. Ka tuna yadda yake karanta mana bayan la'asar, mahaifiyarmu Amma tana ta hawaye saboda gidajen manya da suka rushe a labari? Ashe labarin gidanmu ake ba mu.

Ba takardun ne damuwata ba. A ƙarshen kowanne Abba ya rubuta, "Wanda ya karanta, ya sa bawan Allah Wajahat Husain a addu'a." In babu mai karatu, wa zai yi masa? Ni yanar ido ta rage mini gani, wannan ma da laluben alƙalami nake yi. Za ka karɓe su?

Ƙanwarka,
Kudsiya

17 ga Yuli

Yaya Mujtaba,

Ina gaishe ka, ina gaida mutan gida. Amsarka ta iso, liman ya karanta mini. Ka ce yaranka Turanci kawai suke karantawa, kuma ba ka da wuri. Ban ji haushi ba. To, na ji kaɗan.

Ɗakin karatun unguwa sun ce nasu ma ƙura suke sha. Mai sayen tsofaffin takardu ya zo da sikelinsa, wai, "Hajiya, ai gara ki ba ni da ki bar wa gara." Na san a ƙunshin gyaɗa za su ƙare, ga bisimilla a farkon kowanne. Da tsintsiya na raka shi.

Na yanke shawara. Zan naɗe su a farin ƙyalle in binne a gindin darbejiya, yadda ake yi wa tsohon Alƙur'ani. Raina ba ya so, amma ya fi wulaƙanci.

Ƙanwarka,
Kudsiya

29 ga Yuli

Yaya Mujtaba,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya sa gwiwa ta yi sauƙi.

Jiya aka haƙa ramin. Shabnam ce ke miƙo mini littattafan ina naɗewa. Can sai na ji ta tsaya. Ta buɗe ɗaya ta hagu, yadda suke buɗe na Hindi, ka ga kenan a shafin ƙarshe ta faɗa. Har na buɗe baki zan ce mata a baibai ta riƙe, sai ta ce, "Amma," haka take kirana, "wannan ɗan layin da ke zaune shi kaɗai a ƙasa, me ya ce? A duka na gan shi."

Ban iya ganinsa ba, amma tun ina 'yar shekara bakwai na haddace shi. Na faɗa mata. Ta ja mayafi ta rufe kai, ta ɗaga hannu ta yi wa Abba Fatiha, mutumin da ba ta taɓa gani ba. Na ji kunyar abin da na rubuta maka a kanta.

Mun binne sauran, don ɗaki biyu ba zai zama uku ba. Goma ta ware ta sa a akwatin kayan aurenta. Ta ce ba ta yi alkawarin karance su ba, amma in koya mata wannan layin.

Yau bayan la'asar muka fara. Ta riga ta gane sunan Abba.

Ka gaida Zarina. Kai ma ka yi masa addu'a, ko ba littafi.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Kudsiya