Turke Na Arba'in Da Bakwai

Shagari Low Cost, ranar Talata

Zuwa ga Hammana, sanyin idona, ruwan randata a tsakar zafin Afrilu, iskar da ke tasowa daga Binuwai ta tarar da ni a tsakar gida ta ɗaga mini gefen mayafi. Amincin Allah ya tabbata a gare ka, ya kai mijin da yau kwana goma sha ɗaya ke nan ban ga inuwarsa a bakin ƙofa ba.

Na san za ka yi murmushi idan ka ga takarda. Za ka ce littattafan soyayya sun ƙarasa cika mini kai, ga waya a hannu amma na koma rubutu kamar 'yar zamanin Dada. Sau uku na kira ka don in faɗa maka abin da ke cikin nan, sau uku muryarka tana fitowa sai in ɓige da tambayar ko ka ci abinci. Shi ya sa na naɗe ta na ba Malam Lado direbanku tare da fulas ɗin kunun gyaɗa. Don Allah ka sha kunun tukuna. Ina tsoron idan ka fara karantawa ba za ka sha ba.

Kana tuna ranar da ka fara zana mini hanyar jirgin? Ba a yi bikinmu ba lokacin. Muna zaune a dakalin ƙofar gidan Dada mahaifiyata a Nassarawo, ƙarƙashin lemon nan da Baba ya dasa a shekarar da aka haife ni. Na ce ban gane yadda jirgin ƙasa zai ratsa cikin gari kamar keke ba. Ka nemi takarda ka rasa, sai ka ce in buɗe tafin hannuna. Da murfin biro ka zana, ba ka yarda yatsanka ya taɓa ni ba, don Dada tana leƙe ta zaure. Ka ce nan bakin kogi ne, inda zai tashi. Nan kasuwa, inda mata masu kifi za su hau da kwandunansu. Nan Gwadabawa, nan Nassarawo. Daga nan ka ja layi doguwa har wuyan hannuna, ka ce wannan ita ce miƙaƙƙiyar hanyar da za ta kai shi cikin Yola, kafin shayin mutum ya huce. Na rufe hannun na kai ƙirjina. Ranar nan da hagu na ɗebi ruwa, da hagu na rufe ƙofa, don kada unguwannin da ka haɗa a tafina su goge.

Tun daga lokacin jirgin nan ya zama ɗan gidanmu tun ba a haife shi ba. Sau uku ana sauya zanen, na bi ka kowane sauyi. Da aka ce zai bi gefen babban titi na yi murna, da aka ce titin ya yi ƙunci sai ya lanƙwasa ta cikin unguwa na taya ka jimami. Har yau ko ƙarfe ɗaya ba a shimfiɗa ba, turaku ne kawai masu jan kai, amma ni na riga na zaɓi kujerata kusa da taga, na zaɓi atamfar da zan ɗaura ranar hawan farko. Wa ya kai ni alfahari idan aka ce ga matar safiyo? Kai ne kake tafe da na'urarka mai ƙafa uku a kafaɗa, rana tana dukan ƙeyarka, kana auna wa mutanen da ba su san sunanka ba hanyar da jikokinsu za su bi.

Sai ranar da awo ya iso Nassarawo, turke na arba'in da bakwai ya faɗa a gindin lemon Baba. Na ga fuskarka. Ba ka aiki kowa ba, da kanka ka cire takalmi ka shiga wurin Dada, ka durƙusa ka gaya mata cewa ɗakuna za su tsira, amma katangar gaba da dakali da lemon za su tafi. Ka fito ka buga turken da hannunka, bai kauce ko da faɗin farce ba.

Hasken raina, ga abin da harshena ya kasa. Ni ce na matsar da turken.

Ranar Juma'a ce, na je gaida Dada. Maza sun tafi masallaci, zafi ya kori kowa daga layi, har awaki sun lafe a gindin katanga. Na tsaya ina kallon jan kan turken a ƙarƙashin itacen da ya ji duk alkawuranmu, sai zuciyata ta ce mini, ai a littafi mace ba ta tsayawa kallo. Na ɗauko taɓarya na girgiza shi har ya fita. Na ƙirga taku bakwai zuwa gabas, na kafa shi a can. A wautata na ɗauka turken shi ne hanyar, duk inda aka same shi nan jirgi zai bi, taku bakwai kuwa ba komai ba ne a tafiyar da ta taso daga kogi har Yola.

Da na tsaya nan, da an ce ɓarnar masu wucewa ce, a mayar da shi a manta. Amma ni na daɗe ina kallonka kana aiki, kallon da babu wanda ya taɓa yi maka irinsa. Na san kana juya gefen da aka rubuta lamba ya fuskanci inda aka fito. Na san kana jera duwatsu uku a gindinsa, biyu a gefe ɗaya a baya, abin da babu wani a cikinku da yake yi. Na san ɗaurin jan ƙyallenka, wanda kake barin jela ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Duk na yi su, ɗaya bayan ɗaya, har da share ƙasa da gefen ƙafa. Na cike tsohon ramin na zuba toka da busasshen ganye. Son da nake maka ne ya koya mini hannunka, da hannun nan naka kuma na ɗora maka laifi.

Sauran ka fi ni sani. Masu bin sawun awo suka zo suka tarar turken ya kauce da mita biyar, ya bar gidan surukanka ya hau kicin ɗin Malama Keturah, gwauruwar da ke maƙwabtaka da Dada. Oga Apollos, wanda ya ɗauke ka aiki yake kuma kiranka ɗansa, ya duba duwatsun ya ce ko a mafarki ya san wannan aikin Jibrilla ne. Ka ga na rubuta sunanka, sunan da bakina bai taɓa furtawa a gabanka ba. Na rubuta shi ne don shi na ɓata. Aka karɓe na'urarka, aka ce ka zauna a sansaninku na aiki har kwamiti ya zauna ranar Alhamis.

Na yi shiru kwana da kwanaki ina cewa gaskiya za ta fito da kanta, kamar yadda take fitowa a babi na ƙarshe. Abin da ya karya ni shi ne maganarka ta shekaranjiya. Ka ce ka bi littafin awonka layi-layi har sau shida ba ka ga kuskure ba, wataƙila idonka ne ya fara lalacewa, ko kuwa zuciyarka ce ta karkatar da hannunka ba ka sani ba. Wayyo ni! Idon da ya hango ni cikin 'yan mata goma a bikin Munirat, shi za ka zarga? Hannun da ko a gindin lemon Baba bai kauce ba? Na ajiye wayar na zauna a ƙasa.

Jiya na je Nassarawo. Na fara da Malama Keturah, na same ta tana gyaran wake, ta riga ta fara kwashe tukwane daga kicin. Na durƙusa na faɗa mata komai. Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau, irin kallon da take mana a aji uku. Ta ce, "Yelwa, ni na koya miki ƙirge. Duk lissafin da na ba ki, taku bakwai kika riƙe, su ma ki kawo su kan murhuna?" Na fashe da kuka. Ta ce in tashi in taya ta mayar da tukwane, kuka ba ya ɗaukar kaya. Da muka gama ta zuba mini ruwa, ta ce sati biyu tana gaya wa mutanen cocinsu cewa wannan yaron ba zai yi haka ba, yanzu ta samu bakin magana.

Dada kuwa ba ta ɗaga murya ba, na fi son a ce ta ɗaga. Cewa ta yi, "Itace ne. Babanki dasa shi ya yi don a sha inuwa, bai ce a zubar da mutuncin kowa a gindinsa ba." Ta miƙo mini gwangwanin madara guda biyu. Ashe tun ranar da ka durƙusa a gabanta ta shuka 'ya'yan lemon a ciki, har sun fito da ganye bibbiyu. Ita ta san yadda ake ceton itace, ni da na karanta littafi ɗari ban sani ba.

Yanzu ga roƙona, ya kai bangon da nake jingina. Na san halinka kamar yadda na san ɗaurin ƙyallenka. Kana gama karanta wannan za ka ce gara a ce kuskurenka ne da a ji sunan matarka a bakin kwamiti. Kada ka yi. Na haɗa ka da Allah kada ka yi. Ranar Alhamis ƙarfe goma zan zo, Malama Keturah ta ce za ta raka ni, Dada ta ba ni izini, naka kaɗai nake jira. Zan nuna musu tsohon ramin, tokar tana nan. In sun so, a ba ni turke da duwatsu uku in kafa a gabansu su gani. Za a yi mini dariya daga Gwadabawa har kasuwar Yola, na sani, za a ce ga matar da ta so ta karkatar da jirgi da taɓarya. Zan iya ɗaukar wannan. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne ka ƙara kwana ɗaya kana shakkar idonka.

Ban ce ka yafe mini yau ba. Ka yi fushi, haƙƙinka ne, zan jira shi ya huce kamar yadda ƙasa ke jiran ruwan farko, ba ta gajiya ba ta ƙorafi. In ka yarda in zo, ba sai ka kira ba. Ka ɗaura jan ƙyalle a hannun fulas ɗin, Malam Lado ya dawo mini da shi. Zan gane ɗaurinka.

Gwangwanayen suna bayan ɗakinmu, inda rana ba ta da zafi. Ban dasa su ba, ban kuma zaɓi wuri ba. Kai za ka zo ka auna, ka nuna inda za su zauna, ni kuma in riƙa ba su ruwa. Inda ka kafa, nan za su tsaya, nan ni ma zan tsaya, har jirginka ya zo ya wuce, har mu tsufa muna jin ƙararsa daga inuwarsu.

Taka a yau, taka ranar Alhamis ko me aka yanke, taka har numfashin ƙarshe,

Yelwa