Ɗumin da Muka Kai wa 'Yan Maruƙa

Winnipeg, ƙarshen Afrilu

Zuwa ga Janelle, sanyin idona, hantsin safiyata, furen da ke riga kowane fure leƙowa daga ƙarƙashin ƙanƙara. Mai muryar da shanu ke ɗaga kai idan sun ji, mai tafin hannun da aikin gona ya yi wa kanta amma ya kasa raba shi da taushi. Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi faɗin filayenku, ina kuma fatan kina lafiya, ke da Baba da duk abin da ke numfashi a gonar nan.

Ina zaune ne a bakin tagar ɗakin karatu. Rana ta fito tarwai, ƙanƙarar kan kogi tana tsagewa tana tafiya gunduwa-gunduwa, dinyoyi sun dawo daga kudu suna ta hayaniya kamar 'yan rakiyar amarya. Jiya na tsaya gaban malamai na kare aikina na shekarar ƙarshe, sun kuma karɓa. Na san na faɗa miki a waya, amma kina tsakiyar tatsar yamma, injin tatsa yana ta ƙugi, rabin maganata a kunnen saniya ya ƙare. To yau ki wanke hannu, ki zauna, ki ji ni a tsanake.

Kin tuna ranar da yayanki Wendell ya fara kawo ni gonarku? Farfesa Desjarlais ce ta kore mu daga aji. Ta ce ta gaji da ɗaliban da suka iya lissafin yadda zafi ke ratsa ƙarfe amma ba su taɓa ɗora hannu a kan bututu mai ɗumi ba. Kowa ya fita ya nemo na'urar musayar zafi da ke aiki, ya auna ta. Wendell ya ce a gidansu akwai wadda ke sanyaya madara. Na biyo shi da farin takalmina na birni. Kika fito daga ɗakin tatsa, gashinki a ɗaure, kika dube ni daga sama har ƙasa, kika ce, “Injiniya, da wannan za ka shiga wajen shanu? To ka yi masa sallama tun yanzu.”

Ke kika nuna mini na'urar: siraran farantan ƙarfe a matse da juna, madara mai ɗumin jikin saniya tana bi ta gefe guda, ruwan rijiya mai sanyi yana tahowa ta ɗaya gefen, kowanne ya nufi inda ɗan'uwansa ya fito. Madarar ta fita da sanyi, ruwan ya fita da ɗumi, ya wuce kwamin shan shanu. A littafi na san wannan tun da daɗewa, amma ranar na fara jin sa a tafin hannuna. Na dai auna, na rubuta, sai da na dawo makaranta na ga lambobin ba su da kai ba su da gindi. Ina zan iya karanta ma'auni alhali kina tsaye kusa da ni kina ƙunshe dariya? Dole na sake komawa. Har yau Wendell yana rantsuwa da gangan na yi.

Kin hana ni kwatanta ki da kowace irin na'ura, tun ranar da na ce miki ƙirjina ya zama tukunyar tururi, kika yi dariya har kika zube a kan damin ciyawa. Na ji, na bi. To ki bar ni da abin da Allah ya halitta. Ke ce iskar farko mai ɗumi da ke busowa bayan dogon hunturu, wadda ke sa tsofaffi buɗe taga. Ke ce gonar da ta yi fure rawaya daga nan har inda ido ya gaza. Ke ce ƙanshin ƙasa idan ruwan Yuni ya sauka. Idan kin yi shiru, tafki ne da safe kafin iska ta taɓa shi. Idan kin yi magana, ƙorama ce ta sami hanya. Wane ne ya taɓa zama da ke a bakin shinge, kuna cin soyayyen fanke da kankana, ya tashi yana neman wani abu a duniya?

Amma na taɓa ganin ki cikin wani shirun daban. Hunturun bara ne, da sanyi ya sauka irin wanda ke daskarar da gashin ido, ya kashe muku maruƙa biyu a mako guda. Kin lulluɓe su da barguna, kin ɗura musu madara mai ɗumi, ba su tashi ba. Da na zo ƙarshen mako ba ki yi kuka ba, kin dai zauna kina murza igiyar ɗaya daga cikinsu. Na fita na zaga bayan ɗakin madara. Can na tarar da kyanwoyin gonarku duk sun taru a wuri guda, sun miƙe ƙafa kamar masu sarauta, ƙanƙarar wurin ta narke. Injin da ke ƙarasa sanyaya tankin madara ne yake hura zafinsa waje. Abin da aka fara koya mana ke nan, cewa makamashi ba ya ɓacewa, wuri kawai yake sauyawa ko kama. Ga ɗumi ana zubar wa iska, ga jarirai can tsallaken fili sanyi yana cinye su.

Daga nan aikina ya samo asali: in kama zafin nan a cikin ruwa, in bi da shi ta bututu a ƙarƙashin daɓen ɗakin maruƙa. Kin san wahalar da na sha. Tsawon bututu, kaurinsa, saurin gudun ruwa, abin da zai zurare a hanya kafin ya isa. Farfesa ta yi ta dawo mini da lissafin, ja ya fi baƙi yawa a takardar. Ranar gwajin farko kuwa, da kaka, wa zai manta? Na buɗe famfo ina ta ƙasaita, mahaɗar bututu ta ɓalle, ruwa ya wanke Baba Abram tun daga hula har takalmi. Na ce shi ke nan, ni da gonar nan sai a mafarki. Ya share gemunsa a hankali, ya ce, “Ɗan birni, ɗumi ka yi mini alkawari, ba wanka ba.” Sannan ya ɗauko sifana, ya durƙusa kusa da ni da gwiwarsa mai ciwo, muka ɗaure.

Da sanyin Fabrairu ya zo, kika turo mini hoto: maruƙa kwance a jere, kowanne ya shimfiɗe daidai inda bututun ya bi a ƙarƙashinsa, har ana iya gane zanena daga kwanciyarsu. Ko ɗaya bai mutu ba bana. Jiya, bayan na gama da lambobi, hoton na haska musu a bango. Farfesa Desjarlais, wadda ban taɓa ganin haƙoranta ba, ta yi murmushi.

Saura maganar da ta tsaya mana a maƙogwaro. Da tashar lantarkin nan ta can Alberta mai nisa ta yi mini tayin aiki, kin san ba za ki iya barin gona ba, gwiwar Baba ta ƙi, Wendell kuma hankalinsa na kan jiragen sama. Duk da haka kika ce da ni, “Danylo, kada ka ajiye komai saboda ni. Ba na son ranar da za ka dubi shanun nan ka ji haushinsu.” Kika sa na yi alkawarin zan je in gani da idona.

Na je, abar ƙaunata, kuma ba zan rage wa wurin daraja ba. Gas yana ci da wuta, yana juya farfela mai girman gida. Hucin da ya fito ba a barin sa ya tafi, ana tafasa ruwa da shi, tururin ya juya wata farfelar, daga nan wuta ta kama hanya ta haskaka gari guda. Ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafata. Tun ina shekarar farko nake mafarkin tsayawa a irin wurin nan. Kin san abin da na yi? Juyawa na yi gefena da baki buɗe zan ce ki duba, sai na ga injiniyan da ke zagayawa da ni yana kallona. A jirgin dawowa na tambayi kaina gaskiya: wanne ya fi cika mini ƙirji, farfelar ko maruƙan da ke kwance a jere? Ban sha wahalar amsa ba.

Akwai wani ƙaramin kamfani a garin Steinbach da ke haɗa wa gonaki da gidajen rainon shuka kayan ɗumi da na sanyi. Mai shi ya ji labarin ɗakin maruƙanku a wajen wani maƙwabcinku, ya neme ni. Na karɓi aikinsa. Mutanen Alberta kuma na kira su yau da safe, na gode musu, na ce su ba wani. Da gangan na gama da su kafin in ɗauki alƙalami, don kada ki ɗauki nauyin abin da ni na zaɓa. Ina son aikin nan don kansa. Ina kuma son sa don yana kusa da ke, ba zan ɓoye ba, ba na kuma jin kunyar hakan.

Saboda haka ga roƙona, ya ke wadda zuciyata ta sami masauki a wurinta. Ranar Lahadi zan zo. Ki ba ni izini in zauna da Baba in nemi aurenki. Idan kin ce in dakata sai an gama shuka, zan dakata. Idan kin ce sai an gama girbi, ko sai baɗi, ina nan, tafiyar da ba ta kai a gaji ba ce tsakaninmu yanzu. Ba gaggawa nake yi ba, Janelle. Na riga na san inda zan tsufa, ranar farawa kawai nake jira ki faɗa mini.

Naki ne ni, a rani da hunturu, da ƙarfi da rauni, har ranar da numfashina zai tsaya,

Danylo