Ɗakin da Ba a Shiga da Ƙarfe

Kusasu, 9 ga Afrilu, 1958

Zuwa ga ƙanwata Saude,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, da maigidanki Malam Usman da yara. Yaya zafin Zariya? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Baba da take ɗan taɓa shi. Ki yi haƙuri da rubutuna, bokon yaƙi da jahilci ne.

Kin tambayi aikin da Auta ya samu. To, gyara zama. Ƙanenmu Mu'azu, ɗan maƙeri jikan maƙeri, wanda ya yi ta zaman makaranta har gemu ya tsiro masa, yau aikinsa gadin allura. Wani Bature ya sa an gina ɗaki a cikin daji, bayan rafin da muke saran itacen gawayi, ya rataye wata 'yar allura da zare a akwatin gilashi, namu kuma yana leƙa ta yana rubutawa. Ba ɗinki take yi ba. Motsi kawai take yi, shi ma sai an ƙura ido.

Na tambaye shi amfanin abin, na kuwa yi da-na-sani. Wai rana tana dukan iskar can ƙololuwar sama har ta farfasa ta zuwa ƙwayoyin da suka fi gari laushi, kowace ɗauke da lantarki. Wai ƙasar da muke takawa gaba ɗayanta mayen ƙarfe ce, shi ya sa ƙwayoyin ba sa iya tafiya a miƙe. Da sun taso sai ta karkatar da su, su yi ta kewaye kamar akuya a turke. Wai kuma a daidai saman garuruwanmu suke haɗuwa da tsakar rana su kwarara gabas, allurar ta ji su ta karkace. Na ce masa ni ma da tsakar rana nakan karkace, amma ba a taɓa ɗauko wani ya zauna yana kallona ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, ba a shiga wurin da ƙarfe. Ƙusoshin ɗakin ma na tagulla ne, an kuma kewaye shi da igiya. Ranar da Baba ya ɗingisa ya je gani, Auta ya tare shi a bakin igiya, kai a sunkuye, wai sai ya ajiye wuƙarsa da zobensa. Mutumin da duk garmar Kusasu daga hannunsa ta fito. Baba ya zauna a kan dutse ya kalli ɗakin daga nesa, ya juyo gida.

An ce in shekara ta cika aikin ya fita tsaf, Baturen zai tura shi Ibadan ƙaro karatu. Da wannan yake kwana, da shi yake tashi. Maƙera kuwa sai ni, tunda ni ne jakin gidan.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Yayanki,
Abarshi

Kusasu, 21 ga Agusta, 1958

Ƙanwata Saude,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, takardarki ta iso, turaren Baba ma ya iso, yana sa miki albarka. Yaya ruwa wajenku? Nan kam rafi ya cika har ya kawo.

Kin ce in daina yi wa Auta ba'a, ilimi ne. Na ji. Ilimin ne ya kwantar da shi da zazzaɓi har muka ɗauko shi a kan jakin maƙwabcinmu Audi, yana rawar sanyi yana sambatu, duk a kan allura, wai kada a bar ta ba mai dubawa. Ko sunan Baba bai kira ba.

Baba ya ce ba sauro ba ne. Kin san akwai tsohuwar tsamiya a gefen ɗakin, kin kuma san al'adarmu: jariri ma wuƙa ake ajiye masa a wajen kai, balle wanda ke wuni shi kaɗai a dawa. Ya ce ɗakin da aka hana wa ƙarfe, ƙofa aka buɗe wa mutanen ɓoye. Auta ya yi masa bayani mai tsawo, Baba yana gyaɗa kai irin gyaɗawar nan tasa da kika sani.

Baturen ya zo dubiya da gajeren wando, gwiwoyi ja wur, ya tsaya a zaure yana toshe hanci don hayaƙin maƙera. Tambayarsa ta farko ita ce yaushe Auta zai koma. Auta kuwa ya koma tun ƙafarsa ba ta gama ɗaukarsa ba.

Wani abin haushi kuma, masabar Kaka ta ɓata, babbar gudumar ƙirar nan da Baba ba ya barin kowa ya taɓa. Na birkice maƙera, na zargi wani mutumin Kazage da ya kawo gyaran gatari. Baba ya ce in bar zancen. Tsufa dai ya fara kama shi.

Ki shafa min kan yara.

Yayanki,
Abarshi

Kusasu, 30 ga Nuwamba, 1958

Ƙanwata Saude,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Malam Usman, da fatan kun ga kaka lafiya. Wannan takarda ki karanta ke kaɗai.

Auta ya dawo gida. Babu Ibadan.

Baturen ya zo da wata allura ta biyu don ya gwada ta ɗakin, sai suka saɓa. Na kai wa Auta abinci ke nan, ina tsaye a bayan igiya inda ake tsai da irinmu. Baturen ya yi ta zagaya ɗakin da allurar a tafin hannu kamar mai neman kuɗin da ya faɗi, har ta tsaya cak ta nuna bakin ƙofa. Auta ya tona da hannunsa. Masabar Kaka ce, naɗe cikin tsumma, da laya ɗaure a ƙotarta. Ashe tun lokacin da zazzaɓi ya kwantar da Auta a gida Baba ya ja ƙafar nan tasa ya ƙetare rafi ya binne ta don ta tsare masa ɗa. Masabar da ta sha duka shekara da shekaru ita ma wai ta zama ɗan mayen ƙarfe, ta janye allurar gefe. Duk abin da aka rubuta tun damina ya tashi a banza.

Baturen ya tambaya ko masabar ta wane ce. Auta ya kalle ni, sannan ya ce tasa ce, shi ya binne. Baturen ya yarda nan take, ya ce dama ya san komai karatun baƙin mutum camfi ba ya fita daga kansa. Kin ji mai ilimi. Yana auna ƙwayar da ke yawo a saman gajimare, amma ya kasa gane mutumin da ke gabansa ƙarya yake yi. Ya sallame shi a tsaye, ya ce zai kawo wani daga Kaduna.

Auta ya wanke masabar a rafi, ya mai da ita mazauninta kusa da uwar maƙera. Ya gaya wa Baba aiki ne ya ƙare, ya kuma sa na rantse ba zan faɗa ba. Ke ma kada ki faɗa. Baba ya warke sarai don murna, duk wanda ya shigo zaure sai ya ba shi labari: ƙarfen kakanninsa ya kori iskoki, ya kuma dawo masa da ɗansa gida. Mutane suna ta yi masa barka, wawaye, har da masu roƙon a binne musu a gona.

Ni na fi kowa cewa ya dawo maƙera, to ga shi ya dawo, kuma ban ji daɗi ba ko kaɗan. Yana yi min zuga, hannuwansa duk sun yi kanta, ba ya ƙorafi. Sai dai kullum in rana ta take tsaka yakan saki zugazugi ya ɗaga kai yana kallon sama, har ƙarfen da ke wuta ya huce. Kin san bakina, Saude. Har yau ban iya ce masa ya ci gaba da zugar ba.

Ki sa shi a addu'a.

Yayanki,
Abarshi